Yadda A Ke Haɗa Maganin Ƙarancin Jini Da Sitaci

Da damina ta faɗi, manomi ba ya da jarin da ya fi ƙarfin jikinsa. Amma sau da yawa a kan ga mutum bai kai ƙarshen kunya biyu ba ya tsaya yana haki, jiri na ɗibarsa, cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sun yi fari fat. Galibi wannan alamar ƙarancin jini ce.

Jini ba ya haɗuwa sai da ƙarfe. Duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kashi biyu cikin uku kuwa yana cikin jini, shi ke ɗaukar iskar da a ka shaƙa ya kai ta ko'ina. Abubuwan da su ka fi cinye shi su ne tsutsar cikin nan mai shiga ta tafin ƙafa, da tsargiya, da haihuwa a kai a kai, da cin tuwo ba nama ba ganye.

Maganin da a ka saba bayarwa shi ne ƙwayar gishirin ƙarfe, ga ta da araha. Illarta ita ce ta kan tada zuciya ta ƙulle ciki, har waɗansu su daina sha. Domin haka masana su ka nemi dabarar yi wa ƙarfen riga. A Ingila cikin 1954 a ka fito da allurar ƙarfe wadda a ka lulluɓe da wani abu mai yauƙi da a ke samu daga sukari. Bayan haka a ka yi na sha da sitaci, irin wanda ke cikin masara da rogo da dankali.

Ga yadda a ke yi. Da fari a dafa sitaci da ɗan ruwan asid har ya tsinke. Sa'an nan a zuba narkakken gishirin ƙarfe, a riƙa ɗiga wani ruwa dangin kanwa ana motsawa bisa wuta. Ƙarfen sai ya dunƙule ƙanana ƙanana kamar tsatsa, sitacin ya naɗe kowane ɗaya ya hana su kwantawa. Daga nan a tace, a wanke, a shanya, ya zama gari ja mai duhu, a ɗura cikin kafso ko a dama shi ya zama na ruwa. Wannan aikin masana'anta ne, gama sai da awo da gwaji, ba a yin sa a gida.

To, ya fi ƙwayar da a ka sani? Ƙarnin ƙarfe bai cika fitowa cikinsa ba, amma a hankali ya ke shiga jiki. A 2017 likitoci a Dalas ta Amurka su ka fitar da sakamakon gwajin magungunan biyu da su ka yi ga yara 80 har mako 12, sai jinin waɗanda su ka sha gishirin ƙarfe ya fi ƙaruwa. Watau tsada ba ita ce ƙarfin magani ba. Mai sitacin ya fi dacewa da wanda cikinsa ya ƙi ƙwayar.

Saboda haka wanda ya ga alamun nan ya fara zuwa asibiti a auna jininsa, domin zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini su ma su kan kawo ƙarancinsa, mai amosanin jini kuwa ƙarin ƙarfe ya kan cuce shi. Mace mai ciki ta riƙa zuwa awo, inda a ke ba da miligiram 30 zuwa 60 kowace rana. Kada a sha maganin da shayi, gama shayi na tare shi. Lemu da tumatir su ke taimakonsa. Maigida ya bar wa iyali wake da zogale da alayyaho kafin ya kai saura kasuwa, ya sayi hanta in da hali, ya sa takalmi in za shi fadama. Mai tireda kuma kada ya sayar wa wanda ba a auna ba. A ɓoye maganin inda yara ba za su kai ba, domin yaro in ya haɗiye da yawa yana iya mutuwa.