Ƙananan Tsuntsaye A Gona: Ka San Wanda Ke Yi Maka Ɓarna

Manomi, ba kowane ƙaramin tsuntsu mai cin ƙwaya ne abokin gābarka ba. Kafin ka ɗauki mataki, fara gane wanda ka gani.

Dangin Asisi

Masana sun haɗa asisi da beni da 'yan'uwansu cikin dangi ɗaya mai iri wajen 140. Ana samun su a Afirka da Asiya da Ostareliya. Ƙanana ne ainun, bakinsu gajere mai kauri. Ga uku da muka saba gani:

1. Asisi. Ƙirjinsa shuɗi ne, bayansa ruwan ƙasa. Namiji yana da jan tabo a kunci.

2. Beni. Namiji ja ne, mace ruwan ƙasa. Har tsakar gida yake shiga tsintar tsaki.

3. Mai baƙin kai da farin ciki. Shi kam yakan taɓa shinkafa in ta fara nuna.

Yawancin abincinsu 'ya'yan ciyawa ne, da damina kuma su ƙara da gara. Ɓarnarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Jan Baki

Wannan daga dangin kabare yake, masu saƙa sheƙa. Kada jan bakin beni ya ruɗe ka. Beni bibbiyu yake yawo ko 'yan kaɗan, jan baki kuwa dubbai ne, sai ka ce hayaƙi. Yakan yi sheƙa a itatuwan ƙaya, kamar a yankin Tafkin Chadi da fadamar Haɗeja. Guda ɗaya yakan ci kamar giram 10 a yini. Wato 100,000 za su cinye buhu 10 mai kilo 100 kafin rana ta faɗi, ko gero ko dawa ko shinkafa ko alkama.

Abin Da Za Ka Yi

1. Ku yi shuka lokaci guda da maƙwabta, don kada gonarka ta nuna ita kaɗai.

2. Ka yi noma da kyau. 'Ya'yan ciyawa ne ke fara jawo su.

3. Tun hatsi yana ruwa-ruwa a fara tsaro, musamman safe da yamma.

4. Da hatsi ya bushe, girbe shi.

5. In ka gano makwancin jan baki, gaya wa malamin gona nan da nan.

6. Kada ka zuba guba a ruwa. Asisi da zabbi da awakinka duk nan suke sha.