Darasi: Zomo Ba Ya Kuka, Amma Yana Da Haƙƙi A Kanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Abin da ya sa na ɗauko wannan darasi shi ne wata ɗalibata 'yar shekara tara da ta zo Islamiyya idanunta jawur, ta kasa biya hadda. Da na tambaye ta, sai ta ce zomayenta uku ne suka mutu. Sun tafi biki ƙauye kwana biyu a watan Afrilu, aka bar su cikin keji mai rufin kwano a tsakar gida, ɗan ruwan da ke gabansu ya ƙare. Da na haɗu da mahaifiyarta sai ta ce, "Wallahi Malama, ko da za mu fita ban tuna da su ba, ai ba su kuka." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Akuya in ta ji yunwa sai ta hana gida sakat, kaza ma ta biyo ki har madafi. Shi kuwa zomo shiru yake wahala, shiru yake mutuwa.

Hukuncin ajiye shi

Kiwon zomo halal ne, namansa ma halal ne a mazhabobi huɗu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas bin Malik (RA) cewa sun kama zomo a Marruz Zahran, Abu Ɗalha ya yanka shi ya aika wa Annabi (SAW) da cinyarsa, ya kuma karɓa. Haka nan ƙanin Anas, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) bai hana ba, har yakan tambaye shi labarinsa. Amma mu tuna da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. To kin ga, daga ranar da kika rufe ƙofar keji, cinsa da shansa sun hau wuyanki. Ko da "na yara ne", ke ce babba.

Muhalli

Zomon gida ba irin na dajinmu ba ne. Asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal yake, inda yake tona rami ya fake wa rana. Ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara galabaita. Mu kuwa nan Daura, Sandamu, Zango, Mai'adua da Baure, mun san bazara takan kai 40. Saboda haka:

1. A sa keji ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, inda rana ba ta sauka da hantsi ko da la'asar. In rufin kwano ne, a ɗora masa zana ko kara.
2. A ɗaga shi daga ƙasa, a rufe da waya mai ƙananan ido, saboda gafiya, muzuru, maciji da cinnaku.
3. Da tsakar rana a jiƙa buhu a rataya a gefe. Da hunturu kuma a tare bakin iska.
4. A share kashi kullum. Kada a zubar, taki ne mai kyau ga zogale da lalle.

Abinci da ruwa

Akwai masu cewa wai zomo ba ya shan ruwa. Wannan kuskure ne da ya kashe zomaye masu yawa. A ajiye masa ruwa mai tsabta dare da rana cikin kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, musamman mai shayarwa.

Haƙoransa ba su daina tsiro har ya mutu, don haka yana bukatar abin tauna. Babban abincinsa busasshiyar ciyawa ce da harawar gyaɗa ko ta wake, sai ɗan dusa, da ganyen zogale ko na dankalin Hausa. Karas da kabeji kaɗan-kaɗan ne, kamar alewa ga yaro. Ɗanyar ciyawar damina a bar ta ta sha iska kafin a ba shi, kuma a gargaɗi yara kada su yanko daga gonar da aka yi wa feshi. Zomo ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga. Kada a ba shi albasa, sauran miya ko abin da ya yi fumfuna.

Haihuwa

Suna balaga a wata biyar zuwa shida. Macen ake kai wa ɗakin namiji, domin in aka kai mata shi tana iya yi masa rauni. Cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, takan haifi huɗu zuwa takwas, wani lokaci fiye. In kin ga tana tsige gashin ƙirjinta, shimfiɗa take yi wa 'ya'ya, sai a sa mata ɗan akwati da busasshiyar ciyawa, a raba ta da namiji. Ana haifarsu ba gashi, ido rufe, sai wajen kwana goma su buɗe. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a yini, cikin 'yan mintoci, kada ki ce ta ƙi su ne. In ba ki da wurin da za ki sa su, to ki raba maza da mata tun suna wata uku. Tara abin da ba za ki iya ciyarwa ba ɗaukar alhaki ne.

Alamomin ciwo

Tunda ba zai faɗa ba, ke ce za ki duba. In ya ƙi cin abinci yini guda, ko gudawa, ko majina, ko ɓawon ƙazuwa a kunne da hanci, a ware shi a kai asibitin dabbobi. Kada a ɗura masa kafso na mutane, wasunsu suna kashe zomo. A shekarar 2020 an samu ɓarkewar wata cuta mai kashe zomaye farat ɗaya a jihohin Kwara da Oyo, don haka duk wanda aka sayo sabo a ware shi mako biyu kafin a haɗa shi da na gida.

Tarbiyyar yara

Ki koya musu kada su ɗauke shi ta kunne. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu, don in ya yi fizga bayansa na iya karyewa. Ba a yi masa wanka. Ki raba musu aiki: wannan ruwa, wannan harawa, wancan shara, ke kuma ki bi sawu bayan sallar asuba da bayan la'asar. In tafiya ta kama, a bar wa maƙwabciya amana, a nuna mata komai.

Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. To ladarsa ma haka take, 'yar uwa. Ɗalibar tawa an sake saya mata biyu, yanzu kejin yana ƙarƙashin darbejiya, kuma ba ta fitowa makaranta sai ta leƙa kaskon ruwa.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ke ƙarƙashinmu, mai magana da marar magana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.