Zuwa ga Ƙannena Masu Son Kaɗa Jitar Bes

Ƙannena na Kafur, da na Malumfashi, Danja, Bakori da Funtua,



Na lura a 'yan shekarun nan da yawanku sun fara rataya jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ake kira bes. Wasu a coci suka fara taɓa ta ranar Lahadi, wasu a waya suka ga makaɗan Nijar suna kaɗa ta, abin ya shiga ransu. Tambayoyinku ba sa wuce biyu: wace iri zan saya, kuma ana cin abinci da ita kuwa? Bari in fara da ta biyun, don ita ce mai ɗaci.

A ƙasar Hausa ba wanda ya zame wa dole ya ɗauki mai bes. Tun shekarun 1990, da situdiyoyin Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, mutum ɗaya ke fitar da ganga da sarewa da bes duk daga akwati guda, kuma kusan duk waƙoƙin finafinanmu da na siyasa a haka aka yi su. A gidan biki kuma mai sifika da kwamfuta ya wadatar. Saboda haka wanda kuke takara da shi ba wani gwanin jita ba ne a Kaduna ko Jos. Hannun hagu ne na mai fiyano, wanda ba ya neman kuɗin mota, ba ya makara, ba ya cin shinkafar biki. In an kira ɗayanku, to an kira shi ne don waƙa ta fi zama daram idan yana wurin, kuma don an san in ya ce zai zo, zai zo.

Wannan zaman daram ɗin ba a Amurka za ku koyo shi ba, yana nan kusa da ku. Ku nemi faifan marigayiya Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, ku bar muryarta tukuna, ku kasa kunne ga babbar ƙwaryar da aka kife a kan ruwa. Ƙananan ƙore suna ta surutu a sama, ita kuwa tana can ƙasa tana faɗin abu kaɗan, tana maimaita shi, kuma a kanta mata suke taka rawa. Aikinku ke nan. Sannan ku saurari makaɗan kalangun Alhaji Mamman Shata, wanda ya zauna a Funtua har ta zama gidansa, ya rasu a 1999. Shata kan ja waƙa ɗaya ta yi tsawo, yana ƙirƙirar baiti nan take, yana shiga inda ya ga dama, amma kiɗan da ke ƙarƙashinsa ba ya gaba ba ya baya. Mutanen nan sun yi shekaru suna riƙe masa waƙa, jama'a ba su san sunan yawancinsu ba. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, gara tun yanzu ya koma jitar gaba ko ya karɓi makirfo.

Kai da mai ganga shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: in ɗaya ya riga ɗaya ko da taki guda, kunya ta karkace har ƙarshen gona. Don haka kafin ka koyi gudun yatsu, koyi sauraron ƙafarsa a kan babbar ganga. Ka kuma tuna Hausa harshe ne mai karin sauti, waƙoƙinmu da yawa a kan muryoyi biyar suke tafiya. Idan ka kwaso salon da ka haddace daga bidiyon Turawa ka cusa shi ƙarƙashin waƙar amada ko ta zumuntar mata, za ka ji yana karo da kalmomin mawaƙi, tsofaffi su yi ta kallonka ba su san me ya dame su ba. Ka saurari na waje, ban hana ba. Aston Barrett da ya riƙe wa Bob Marley bes, da Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da ya kaɗa a faifan Graceland na Paul Simon a 1986, da Richard Bona ɗan Kamaru, duk malamai ne. Amma in ka lura, kowannensu da kiɗan garinsu ya fita duniya.

Yanzu maganar kaya. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin abin da za ku gani a shagunan Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas kwaikwayon waɗannan biyun ne. Ba aibu ba ne. Sunan da aka rubuta a kan jita shi ne abu na ƙarshe da za ka duba, don na jabu sun fi na gaske yawa. Ɗaga ta ka hango wuyanta daga kai zuwa gindi, ka ga ko ya murɗe. Danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, ka ji ko tana zuza. Jona ta, ka jujjuya maɓallanta da bakin da ake soka waya, ka ji ko suna ƙara. Ta hannu mai lafiyayyen wuya ta fi sabuwa mai sheƙi da aka yi da ɗanyen katako. Ni ina ba ku shawarar mai tsirkiya huɗu wadda ba ta cin batir. Mai batir tana da daɗin murya, amma ranar da ɗan batir ɗin nan mai bolt 9 ya mutu ana tsakiyar taro a ƙauye, ba mai shagon da zai fid da kai. Mai tsirkiya biyar kuwa ku bari sai aikin coci ya nema.

Inda yara suka fi yin asara shi ne amfilifaya. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma fitar da irin wannan murya a fili yana son ƙarfi da babbar sifika. 'Yar ƙarama mai wat 15 ko 20 ta ɗaki ce, ta koyo. In ka kai ta filin biki ka murɗe ta har ƙarshe don ka ji kanka, sifikar za ta yage. Haka in ka ari ta mai jitar gaba. Wanda bai da kuɗin babba, ya sayi ɗan akwatin nan da ake kira DI, ya shiga mikisar masu sauti kai tsaye, ya bar ƙaramarsa a gefe don kunnensa kawai. Ya fi sauƙin ɗauka a kan babur ma. Kuma duk kayan da aka ce daga Amurka aka kawo su, a duba bayansu kafin a jona: can wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

Wuta ita ce ke kashe kaya a nan, wani lokaci har da mai kayan. Janareta kan yi sama ya yi ƙasa, musamman in an haɗa shi da firji da fitilu. Sitabilaiza ba ado ba ce, ku saye ta kafin ku sayi wani abin ƙawa. A tayar da janareta ya daidaita kafin ka kunna amfilifaya, ka kuma kashe ta kafin a kashe shi. In ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizonka, ko makirfo ya ja ka a leɓe, tsaya nan take a gyara, don alama ce wutar ba ta da hanyar shiga ƙasa sai ta jikinka. Kada ka kaɗa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko wa ya ce a ci gaba.

Hunturu ma yana da nasa. Katako na bushewa ya tsuke, wuya ya canza, bakin ƙarafan gurabu su fito suna yankar hannu. Damina ta zo ya kumbura. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli. Kwata ɗin juyi ake yi, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Wanda ya matsa mata da ƙarfi ya karya ta, ya yi sallama da jitar. Kada a bar ta a rana ko a but ɗin mota, kuma a goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane wasa, don gumi da ƙura ke kashe muryarsu. Da dala ake shigo da su, kun san abin da hakan ke nufi. In sun dushe, a tafasa su a ruwa a shanya su bushe sarai, za su ɗan farfaɗo na wani lokaci.

Sai kuɗi, inda zumunci ke lalacewa. A yi magana kafin a ɗora kaya a mota: nawa ne, wa zai biya kuɗin mota da man janareta, yaya za a raba liƙi. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, mai bes yana can baya kusa da sifika, in ba a yanke rabonsa tun farko ba sai ya koma gida da na gode. Ku karɓi kafin alƙalami. A taron siyasa kuwa ku karɓi kuɗinku duka kafin a fara, don bayan taro mai girma ya shiga mota, wanda ya kira ku kuma wayarsa a kashe. Aikin coci in na sadaukarwa ne, a faɗa a sani; in na biya ne, shi ma a faɗa. Ku je da wayar jita biyu, ku riga mawaƙi isa, ku bar abin da zai gusar da hankali. Ƙungiyar Tal National ta Yamai ta yi suna da wasan sa'o'i biyar a dare, kusan kullum a mako, kuma da wannan juriyar ta kai ga fitar da faifanta Kaani a Turai a 2013.

Kada kuma wanda ya saki gona saboda jita. Aikin nan na lokaci ne: bayan kaka, da Kirsimeti, da gab da azumi, da bayan Sallah. Da azumi ya kama, ko ruwa ya sauka, sai a yi makonni ba a kira ka ba. Buhunan masara da waken soya su ne za su saya maka tsirkiya. Kun kuma san halin da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan. In wasa zai kai dare a wani gari, ku sa wurin kwana cikin ciniki tun farko, ku kamo hanya da safe. Wanda ya ce ba shi da ɗakin da zai ba ku, ku ba shi haƙuri ya nemi wasu.

Ku gaishe da iyayenku.

Naku,
Yayanku a wannan sana'a, daga Kafur