Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama

Kai mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa Makka, ko kuwa za ka taryi wani naka da ya je, akwai wani ɗan lissafi da ya kamata ka sani, don kada agogo ya ruɗe ka.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, in an miƙe ba ratse, wajen mil 2,100 ne, watau kilomita 3,400. Kakanninmu da ƙafa suka taka wannan hanya, waɗansu bisa jakuna. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, har bakin Bahar Maliya. Wani sai ya yi shekaru a hanya, don dole ya tsaya ya yi ƙodago ya sami guzuri. Da yawa ba su komo ba, ga jikokinsu can a Sudan har yau.

Babban jirgin sama kuwa yana cin wajen mil 500 a awa guda. To, raba 2,100 da 500, ka ga awa 4 ke nan da 'yan mintoci. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudu, ba ya kuma sauka da shi. Wani lokaci ma sai ya yi kewaye, kamar yadda aka yi a 2023, sa'ad da yaƙi ya tashi a Sudan aka hana jirage ratsa samanta. Saboda haka ka ƙaddara awa 5.

Ga inda mutane ke rikicewa. A ce jirgi ya bar Kano da ƙarfe 10 na safe, sai ka ga tikiti ya ce zai sauka Jidda ƙarfe 5 na yamma. Awa 7 ke nan? A'a. Jidda tana gabas da mu, rana tana riga fito musu, don haka agogonsu yana gaban namu da awa 2. Kowane fili kuwa da agogon ƙasarsa ake rubuta lokacinsa.

Wajen komowa sai abin ya juya. A ce mahaifinka ya aiko daga Jidda, ya ce za su tashi ƙarfe 10 na safe. In ka ƙara 5 bisa 10, ka tafi fili ƙarfe 3, ka makara. Ƙarfe 10 nasu ƙarfe 8 ne namu, tsoho ya sauka tun ƙarfe 1, yana zaune bisa kayansa yana duban hanya.

Yanzu gwada wannan da kanka. Jirgi ya bar Jidda ƙarfe 4 na yamma. Ƙarfe nawa za ka kasance a filin Kano?