VPN Na Kyauta Zai Ɓoye Ni?

Tambaya: Malam, na ɗora VPN na kyauta a Chrome ɗin kwamfutata. Yanzu ba mai ganina ko?

Amsa: Ɗan'uwa, mai VPN ɗin yana ganinka sarai. Irin waɗannan ƙananan manhajoji sukan nemi izinin karanta duk shafin da ka buɗe, har da na banki, mu kuwa sai mu danna amincewa ido rufe. A 2018 Google da Mozilla sun cire wata irin wannan manhaja mai suna Stylish saboda tana kwashe tarihin shafukan da mutane suka ziyarta. Manhajar VPN ta Hola kuma, a 2015 aka gano tana sayar wa wasu layin intanet na masu amfani da ita. Buɗe jerin ƙananan manhajojin da ke Chrome ɗinka, ka goge duk wadda ba ka san mai ita ba. In ɓuya kake nema da gaske, ɗauki burauzar Tor, kada ka ƙara masa komai.