Filin Shawarwari: "Anti, Renon Yara Uku Na Neman Fin Ƙarfina"

Ni matar aure ce a wata sabuwar unguwa a bayan garin Kano. Ina da yaro ɗan shekara 4 da tagwaye 'yan wata 5. Maigidana direban babbar mota ne, in ya tafi Legas sai ya yi mako biyu. Tun da na dawo daga wankan jego a garinmu ban yi barcin kirki ba. Abinci ba ya min daɗi, haka kawai sai in ji hawaye na zuba. Jiya babban ya zubar da koko, na dake shi har ya yi fitsari a wando, na zauna ni ma ina kuka. Da na gaya wa surukata sai ta ce su da suka haifi goma fa? Anti, rashin godiyar Allah ke damuna, ko me?

Maman Tagwaye, Kano

Ƙanwata, Allah Ya raya miki su. Ki kwantar da hankalinki, mai rashin godiya ba ta zama ta yi kuka don ta daki ɗanta.

Surukarki ta yi gaskiya, sun haifi goma, amma a gidan gandu. Akwai kaka, akwai faccala, akwai 'yammatan gida da ke rige-rigen goyo. Ke kuwa kina bayan ƙofar da aka kulle, ke ce uwa, ke ce kaka, ke ce 'yar raino. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da kika lissafa, rashin barci da ƙin abinci da kuka da saurin fushi, in ya wuce mako biyu, likitoci na kiransa ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar da ta shafi tunani bayan haihuwa, galibi irin wannan. Ana warkewa. Ranar da kika kai tagwaye awo, ki gaya wa malamar asibiti duk abin da kika gaya min, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In da buƙata za a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa zuciya ta taɓa raya miki ki cutar da kanki ko yaran, ki tafi a ranar, kada ki jira maigida.

Sannan ki buɗe ƙofa. Ki nemi Islamiyyar matan aure mafi kusa, ko taron FOMWAN, ƙungiyar matan Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, mai rassa a jihohi. A nan za ki gamu da mata irinki. Ku biyu ko uku ku yi adashen reno: yau yaran suna ɗakinki, gobe suna ɗakinta, ki samu awa biyu ki runtsa. Kada ki tsaya ga "na gaji". Ki faɗi abin da kike so: "Maman Ummi, riƙe min Hassan zuwa la'asar." Babban kuma a sa shi makarantar allo ko ta rainon yara.

Idan maigida ya dawo ya huta, ki zaunar da shi. Ki roƙi a kawo miki ƙanwa ko gwaggo ko da na wata biyu ne. In nauyinsa kike ji, yayarsa ta isar miki.

Duk sanda ranki ya ɓaci, ki kwantar da jariri a rigingine a shimfiɗarsa, ki fita tsakar gida ki yi alwala. Kada ki jijjiga shi da ƙarfi, hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Yau da dare ki jawo babban a jikinki, ki ce masa Mama ta yi kuskure. Gobe ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya. Ina jiran wasiƙarki ta biyu.

Antinku