IDAN MOTAR ƊAUKAR AMFANIN GONA TANA MUTUWA IN TA ƊAU ZAFI

Manoma da yawa a Kwatarkwashi da kewaye suna dogara da tsofaffin motoci irin su Land Rover da Land Cruiser wajen fito da tumatir, albasa da tattasai daga fadama zuwa kasuwannin Gusau da Tsafe. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40. A lokacin ne ake yawan kawo mana kuka iri ɗaya: mota ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya kaɗan, sai ta mutu. In ta huce ta sake tashi.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Tumatir ba ya jure tsayuwa cikin rana, kuma a wannan zamani ba mai son dare ya riske shi a hanya.

Babban abin lura shi ne, lalle a binciki motar tun tana da zafi. In ta huce cutar takan ɓuya, bakanike ya yi ta canza kayan da lafiyarsu ƙalau, kuɗinka ya tafi a banza. Abubuwa uku za ka duba bi da bi: ruwa, wuta, mai.

1. RUWA

Fara duban allurar zafi da ke gaban direba. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 80 zuwa 90. Idan allura ta kai ja, ko ka ga tururi, to matsalar ta sanyaya inji ce.

Kada ka buɗe murfin lagireto nan take, ruwan zai ƙone maka fuska. Ka jira kamar rabin sa'a. Sa'an nan ka duba:

(a) Ko ruwa ya ragu, ko akwai yoyo a roba.
(b) Ko ƙaiƙayi da ƙura sun toshe gaban lagireto. Motar da ke shiga masussuka ta fi fama da wannan.
(c) Ko fanbel ya saki. Danna shi da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da santimita 1 ko ɗan abin da ya ɗara.

Ja sandar auna baƙin mai. In ka ga man ya yi fari kamar madara, watau ruwa ya shiga cikinsa, gaskit ya ƙone ke nan. Kada ka ƙara tayar da motar.

2. WUTA

In allura ba ta hau ba amma mota ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, zargi wuta. Tsohon kwayil yakan daina aiki in ya yi zafi, ya dawo in ya huce.

Ka riƙa ajiye fulogi ɗaya a mota. Cire wayar fulogi guda, sa wannan a bakinta, ɗora shi a jikin ƙarfen inji nesa da kafireta. Kada ka riƙe shi da hannu. Wani ya murɗa makulli, kai kuwa ka duba. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce. In ja ne mara ƙarfi, ko babu sam, to kwayil ne ko kwantak. A motocin da ba su da kafireta, sansar da ke lura da juyawar inji ita ma takan yi haka.

Motar da ke shan gas ba ta da irin wannan fulogi, wannan gwaji na mai shan fetur ne kaɗai.

3. MAI

In wuta tana nan, kuma motar sai da ta yi ta shaƙewa kafin ta mutu, to mai ne bai iso ba. Zafi yakan sa fetur ya zama tururi cikin bututu, famfon mai ya kasa tura shi. An fi ganin haka wajen hawa da kaya niƙi-niƙi, ko bayan ɗan tsayawa da tsakar rana.

Jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora kan famfon mai da bututunsa. In mota ta tashi bayan minti biyar ko goma, ka gano cutar. Sai bakanike ya nisanta bututun daga salansa, ya canza matatar mai.

Haka kuma buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, ƙofar iskarsa ce ta toshe.

ABIN TUNAWA

Zuba ruwa mai tsabta a lagireto, ban da ruwan fadama mai laka. Kada ka sheƙa ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kansa yana iya tsagewa. Kada ka ɗora kaya fiye da ƙima. Yi lodi da asuba domin ka isa kasuwa kafin rana ta take.

In za ka je gareji, gaya wa bakanike abin da ka gani: inda allura ta tsaya, launin wuta, da abin da tsumma ya yi. Wannan bayani zai rage maka kashe kuɗi. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.